Kayan gyaran tsohuwar Simplex: saƙo ga mafarautan Maraɗi

Assalamu alaikum 'yan uwa na Maraɗi da kewaye, har da mutanen Madarunfa da Dakoro da ke yawan aiko mani da murya ta WhatsApp. Yau ina Sant-Etiyen, a Faransa. Dogon ginin nan da kuke gani bayana, a titin Fauriel, nan ne tsohon kamfanin Manufrance. Duk mai tsohuwar bindigar farauta mai baki ɗaya da aka rubuta Simplex a jikinta, daga garin nan ta fito. An kafa kamfanin a 1885, ya fitar da Simplex a 1908, sannan Robust mai baki biyu a 1913. Har keke da keken ɗinki suna yi, suna sayarwa ta katalog. A 1985 aka rufe masana'antar. To kun ga, mai cewa "ka shiga kamfanin ka sayo mani" sai ya yi haƙuri, ofisoshi ne yanzu a ciki.

Kawuna na da irinta, kaliba 16 (wato lambar faɗin bututunta), ta gado ce. Allurar da ke dukan gindin harsashi ta cinye, sifirin ɗinta ya saki, sai ka ja kunama ka ji ƙas, shiru. Kawu, Allah ya ƙara girma, wannan bidiyon naku ne kafin na kowa.

Ana samun kayan, amma ba a kanti ba. Wajen tsofaffin masu gyaran bindiga ake samu, waɗanda ke sayen matattun bindigogi suna kwance su, su zuba kusoshi da sifirin da allurai cikin akwatuna. Na je wajen wani dattijo, bai yarda in ɗauki fuskarsa ba, amma ku dubi teburin aikinsa. Na nuna masa hoton bindigar, ko kallon kirki bai yi mata ba. Ya ce in sa a cire katakon da ke ƙarƙashin bututu, a ɗauko masa hoton tambarin da aka buga a ƙarfen. Can asirin yake. Garin nan na da gidan gwajin bindigogi tun 1782, kuma bindigar da ta ci gwaji sai an buga mata hatimi. Kusa da hatimin, a yawancinsu, za ku ga 65 ko 70.

Ku tsaya nan, don wannan ya fi allurar muhimmanci. Lambar nan tsawon ɗakin harsashi ce, da milimita. Tsofaffin da yawa 65 ne, harsashin da ya fi yawa a kasuwa yanzu kuwa 70 ne. Ana auna tsawon harsashi ne bayan ya fashe bakinsa ya buɗe, shi ya sa na 70 ke shiga ɗakin 65 lafiya lau, ka rufe bindiga ba ka ji komai ba. Sai an harba, bakin kwanson ya rasa wurin buɗewa, matsin ya ƙaru a kan ƙarfen da ya girmi mai harbin. Yau ta ɗauka, gobe ta ɗauka, amma maƙullinta na sassautawa a hankali. In kun girgiza bindiga a rufe kuka ji tana kaɗawa, ku jingine ta. Har yanzu ana yin harsashin 65, shi za ku nema.

Wani abin kuma, ko an samu allurar asali, ba a cusa ta haka nan. Da hannu aka daidaita kayan bindigogin nan, ɗaya bayan ɗaya, don haka sai an goga an gwada. A nan ni na yarda da maƙeranmu. Wanda ya iya ƙera bindigar toka tun daga ƙota har baki, goge allura ko sassaƙa sabuwar ƙota ba zai gagare shi ba. Inda ban yarda ba shi ne a yanko ƙusa a ce ta zama allura, ɗanyen ƙarfe ne, lanƙwashewa za ta yi. Bututun da ya tsage ko ya kumbura kuwa, wallahi ko wane gwani ne kada ku bari ya yi masa walda. Wannan bindigar ta gama aiki, a rataye ta a ɗaki don tunawa da mai ita.

Masu cewa in sako bututu cikin akwati in na tashi zuwa gida, a'a. A Faransa bututu da gangar jikin bindiga doka na ɗaukarsu kamar bindigar kanta, kuma tun 2022 kowane mafarauci sai ya yi rajistar makamansa a intanet. Can gida ma akwai duwan, akwai dokar farauta ta 1998, ga halin tsaro da ake ciki wajen dajin Baban Rafi. Ko sifirin ne, sai na tambayi hukuma a nan da can kafin in taɓa shi.

Kawu, a sa yaro ya goge ƙarfen da tsumma da ɗan mai, ya ɗauki hoton da rana, ya aza ma'auni kusa da tsohuwar allurar yadda lambobin za su fito. Dattijon ya ce in hoto ya yi duhu, ba zai ma buɗe akwatinsa ba.