Sharhi: A tambayi waɗanda suka yi zaman jinya

Masu saurare, idan majinyaci ya cika, babu wanda ya san yadda kwanakinsa na ƙarshe suka kasance kamar matar da ta kwana zaune a gefen gadonsa, ko ɗan da ya yi ta bin likita yana neman bayani. Ba kasafai ake waiwayarsu a ji ta bakinsu ba.

A Ingila an tambaye su. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta riƙa aika wa iyalan mamata tambayoyi bayan 'yan watanni da rasuwa, a wani bincike mai suna VOICES. A sakamakon 2015, uku cikin huɗu sun yaba da kulawar da ɗan'uwansu ya samu a watanninsa uku na ƙarshe, ɗaya cikin goma kuma ya ce ba ta yi kyau ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, waɗanda aka yi jinyarsu a gida su suka fi shan raɗaɗi, alhali yawancin mutane gida suke so ajali ya same su.

Ku zauna da wanda aka yi wa rashi, sau da yawa za ku ji ya ce, “Da ma an gaya mana gaskiya.” Likita ya san cuta ta ci jiki, amma ya yi ta kewaye-kewaye, iyali suna ta neman wani magani, har lokacin yin bankwana da neman gafarar juna ya wuce. Gab da ƙarshe numfashi yakan canza, ya ɗauke na ɗan lokaci ya dawo, maƙogwaro ya riƙa ƙara. In babu wanda ya yi wa iyali bayani tun da wuri, sai su ɗauka shaƙewa yake yi, wannan firgici kuwa yakan bi mutum shekaru. Ma'aikaciyar jinyar da ta zauna ta yi musu bayani, ta nuna musu yadda ake jiƙa auduga a shafa wa busassun leɓɓa, da yadda ake juya maras lafiya don kada bayansa ya yi gyambo, ba sa mantawa da ita.

Sai maganar raɗaɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 56.8 ne ke bukatar kulawar sauƙaƙa wahalar ciwo kowace shekara, kusan kashi 14 cikin ɗari kawai ke samu. Mofin, maganin rage raɗaɗi mai ƙarfi, ba shi da tsada, yana cikin jerin muhimman magungunan hukumar, amma tsauraran dokoki da tsoron jaraba sun hana shi kai wa masu bukata. Tun 2014 ƙasashe suka amince a babban taron lafiya na duniya cewa za su shigar da wannan kulawa cikin tsarin lafiyarsu.

Ina kira ga shugabannin asibitoci: bayan an yi makonni da rasuwa, a kira iyalin, a yi musu ta'aziyya, a tambaye su ko an rage wa mamacinsu zafi, ko an faɗa musu gaskiya a kan lokaci, ko sun sami wanda za su kira da tsakar dare, a kuma rubuta amsarsu.