Me ya sa tallar aiki ke cewa "kada ka wuce shekara 27"?

Jama'a, ku duba tallar ɗaukar sababbin ma'aikata ta banki ko wani babban kamfani a Najeriya. Sau da yawa can ƙasa za ku ga sharaɗi: kada mai nema ya wuce shekara 26 ko 27. To ku zo mu yi lissafi.

Yaro ya gama sakandare yana da 18. Ya zana JAMB sau biyu kafin ya samu gurbi. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ASUU na 2020 ya cinye wata tara, na 2022 ya cinye wata takwas. Ga jiran kiran bautar ƙasa, ga shekarar bautar kanta. Kafin takarda ta zo hannunsa, ƙofa ta kusa rufewa. Balle matar da ta koma karatu bayan ta yaye 'ya'ya uku, ko wanda sai da ya sauke Alƙur'ani ya shiga boko.

To doka fa? Sashe na 42 na kundin tsarin mulki ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, jinsi, addini, asali ko ra'ayin siyasa, amma bai ambaci shekaru ba. Amurka tun 1967 take da dokar da ke kare masu shekara 40 zuwa sama. Mu nan, a 2023 Majalisar Dattawa ta yi kira a sassauta wannan sharaɗi bayan ƙudurin Sanata Abba Moro. Kira ne dai, ba doka ba.

Kamfanoni suna da nasu dalilin. Takardu dubbai ne ke shigowa, shekaru kuwa rariya ce mai arha. Wasu kuma gani suke matashi ya fi sauƙin lanƙwasawa, kuma ba zai ja farashi ba. Abin da hakan ya haifar kowa ya sani: layin masu rantsuwar rage shekaru a kotu.

Kamfanin da ke son adalci, ya rufe ranar haihuwa da hoto kafin tantancewa. Ya yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, ya ba kowa aikin gwaji iri ɗaya. Idan ɗan shekara 42 da ya daɗe yana riƙe littafin bashi a Kantin Kwari ya nemi aikin akanta, a miƙa masa lissafin wata guda da aka hargitsa, a ba shi awa biyu, sannan a gwada nasa da na sauran.