Malafar Lefrikon ta Kwali: Abin da Ya Sa Taku Ke Karkacewa

Jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Ku dubi malafun nan guda biyu. Kwali iri ɗaya, gam iri ɗaya. Ta dama ta zauna daram. Ta hagu kuwa, ga yadda take rangaji da zarar an taɓa ta. Duk shekara in watan Maris ya kama, hotunan irin ta hagun nan ne ke yawo a intanet, wasu su ɗora wa gam laifi, wasu su ce kwalin ne ba shi da kyau. Gam bai yi komai ba. Tun wajen yanka aka samu matsala, kuma nan za mu daɗe yau.

Ga wanda bai san mai malafar ba, lefrikon wani ɗan ƙaramin aljani ne a tatsuniyoyin ƙasar Ayalan. Sana'arsa ɗinkin takalma, ba ya shiga jama'a, kuma yana da tukunyar zinariya da ya ɓoye, wai a inda bakan gizo ya ƙare. Ana fito da malafarsa ne a matsayin ado ranar 17 ga Maris, ranar tunawa da Waliyyi Patrick, wanda ya yi wa'azin addinin Kirista a Ayalan a ƙarni na 5. Tun 1961 ma mabiya ɗariƙar Katolika a Najeriya suka riƙe shi a matsayin waliyyin ƙasa, saboda yawan 'yan mishan na Ayalan da suka yi aiki a nan.

Kayan aiki, ga su kuna gani. Koren kwali mai girman A4 guda biyu, baƙi kaɗan, rawaya kaɗan. Ku zaɓi mai ɗan kauri, wanda in kun riƙe shi a gefe ɗaya ba zai langaɓe ba, amma ba katon na sabulu ba. Sai katon faffaɗa na shimfiɗawa a tebur da na yankan ma'auni, almakashi, gam, rula, fensir, fil guda ɗaya, kamfas na akwatin lissafi, da biron da tawadarsa ta ƙare. Kar ku jefar da shi, yana da aiki.

To, mu je ga inda ake tuntuɓe.

Malafar nan ƙasanta ya fi samanta faɗi. Mai yi sai ya ce, ai da sauƙi, bari in yanka kwali gefe ɗaya dogo, gefe ɗaya gajere, duka a miƙe da rula. Ga shi na yanka haka don ku gani. In naɗe. Kun ga abin da ya faru? Wurin da bakin biyu suka haɗu ya yi tsini, ya zarce sauran da kusan santimita 2. A kan tsinin nan malafar ke tsayawa, shi ya sa take karkacewa. Sai mutum ya ɗauki almakashi ya rage nan, ya rage can, kafin ya ankara rabin hular ya tafi.

Yanzu ku kalli wannan kofin takarda na shan shayi. Shi ma gefe ɗaya ya fi faɗi. Na cire gindinsa, na tsaga shi daga sama har ƙasa, na shimfiɗa. Ku duba da kyau. Bakinsa ba a miƙe yake ba. A lanƙwashe yake, sama da ƙasa. Duk abin da yake zagaye kuma gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, in aka shimfiɗa shi, haka zai fito. Layi miƙaƙƙe ba ya ba da wannan siffa, sai dai ya ba ku gwangwani, sama da ƙasa daidai wa daida.

Saboda haka lanƙwasa za mu zana, kuma kamfas ya yi mata kaɗan. Za mu yi namu. Ku yanko siririn katon mai tsawon santimita 40. Ku huda rami kusa da ƙarshensa, nan fil zai shiga. Daga ramin nan ku auna, ku huda a 26, a 27, a 34, a 36, sai 37. Wasu suna amfani da zare, amma ni ban ba da shawararsa ba. Zare yana miƙewa in an ja shi, layin sai ya yi ta rawa.

Ku shimfiɗa faffaɗan katon a kan tebur, ku kwantar da koren kwalin a kansa ta faɗinsa, ku manne kusurwoyin kar ya motsa. Fil ɗin ba a kan kwalin zai tsaya ba, wannan ma yana ruɗa mutane. A waje zai tsaya, ta wajenku, daidai tsakiya, santimita 38 daga bakin kwalin na can nesa. Ku soka. Fensir a ramin 36, ku ja daga hagu zuwa dama. A hankali. Wannan shi ne ƙasan hula. Ku koma ramin 27, ku sake ja. Wannan shi ne samanta. Tsakaninsu santimita 9, tsayin hular ke nan.

Ina za a tsaya? Ku ɗora rula a kan babbar lanƙwasar, ku sa ɗigo biyu, tsakaninsu santimita 24 da ɗigo 6 a miƙe. Daga kowane ɗigo ku ja layi yana fuskantar fil. Ku maimaita wannan a ranku: fuskantar fil. In layin gefe bai nufi fil ba, bakin biyu ba za su haɗu daidai ba, ko da lanƙwasar ta yi kyau. Gefe ɗaya ku bar santimita 1 na shafa gam.

Mai son wani girman daban, ga lissafin. Faɗin ƙasan hularmu 8, na sama 6, bambanci 2. Tsayi 9 sau faɗin ƙasa 8, ya ba da 72, a raba da 2, ga 36. A cire tsayin, saura 27. Tsawon babbar lanƙwasa kuwa faɗin ƙasa ne sau 3.14, sai ku kwantar da zare a kanta ku auna. Malaman firamare da na ƙaramar sakandare, wallahi darasin da'ira ne guda a hannunku, kuma yaro zai tafi gida da abin da ya yi da kansa.

Ramin 37 da na 26 na haƙora ne. Ku ja su, ku yanka a kansu, sannan ku tsattsaga ƙananan haƙora har zuwa layin ciki, kar ku wuce shi. Ku bi layin da mataccen biron nan, kuna dannawa, don ya karye a inda kuke so. Kafin naɗi, ku goga kwalin a gefen tebur sau biyu ko uku ya yi laushi. Gam, naɗi, riƙe. Haƙoran ƙasa waje, na sama ciki.

Bari ya sha iska. Kafin nan ga wata tatsuniya tasu da nake so ƙwarai. Wani manomi ya kama lefrikon, ya ce sai ya nuna masa zinariya. Sharaɗin kamun shi ne kar ka ɗauke ido daga kansa, ko ƙiftawa ka yi ya ɓace. Ya kai shi wani fili cike da wata ciyawa mai rawayan fure, ya nuna guda ɗaya, ya ce tona nan. Manomi ba shi da shebur. Sai ya ɗaura jan ƙyalle a jikin ciyawar, ya sa aljanin ya yi alkawarin ba zai kwance ba, ya ruga gida. Da ya dawo, ƙyallensa na nan, alkawari bai tashi ba. Sai dai kowace ciyawa a filin an ɗaura mata jan ƙyalle irin nasa sak.

Kuma ja ɗin nan ba a nan kawai ya tsaya ba. A tsofaffin labaran, jar riga lefrikon ke sawa. Haka marubuci Samuel Lover ya siffanta shi a 1831, da hula mai kusurwa uku, haka mawaƙi Yeats ya faɗa a 1888. Koren daga baya ya zo, da ya zama launin kishin ƙasar Ayalan, har ta kai birnin Shikago na Amurka yana rina koginsa kore tun 1962. Don haka wanda jan kwali kawai ya samu a shago, ya yi da shi, bai kauce wa tatsuniya ba.

Ya bushe. Sauran gudu ne. Faifan malafa: buɗe kamfas santimita 7, zana, rage shi zuwa 4, sake zanawa a tsakiya ɗaya, cire cikin. Ku zura shi ta saman hula, zai sauko da kansa ya zauna a kan haƙoran. Ku ga yadda ya kwanta, ba rata ko ɗaya. Murfi, buɗe kamfas santimita 3, manna a sama.

Baƙin ɗamara, ku tsaya kaɗan. Shi ma a lanƙwashe yake, don jikin hular zai bi. Ramin 34 da na 36, ku ƙara masa ɗan tsawo. In kun yanka shi a miƙe, zai buɗe baki ta sama. Kan bel, rawayan kwali santimita 3 kowane gefe, a cire tsakiya.

Sai ganyen da suke kira shamrok. Ku yanka siffar zuciya guda uku, ku haɗa tsininsu wuri ɗaya, ku sa ɗan kara. Uku, 'yan uwa, ba huɗu ba. Mai huɗun na neman sa'a ne, ba shi ne alamar Ayalan ba. Ku soke shi a gefen ɗamara.

In ratayewa za ku yi, ku zura zare ta tsakiyar murfi kafin ku manna shi, ku ƙulla ta ciki. Siririn katon ɗin nan mai ramuka kuma ku adana shi, da shi za ku zana sauran malafun duka su fito girma ɗaya.