Bayan dashen ƙoda: yadda ake shan maganin danne garkuwar jiki

Assalamu alaikum jama'a. Idan an yi maka dashen ƙoda, ko kana jinyar wanda aka yi wa, matso kusa, maganar yau taka ce.

A shekarar 1954, a birnin Boston na Amurka, Dakta Joseph Murray ya yi dashen ƙoda na farko da ya ɗore. Abin da ya taimake shi, mai bayarwa da mai karɓa tagwaye ne masu kama ɗaya, jikin ɗayan bai ga ƙodar ɗan'uwansa a matsayin baƙuwa ba. Mu kuwa sauran mutane, ko uwa ɗaya uba ɗaya muke da wanda ya ba mu, garkuwar jikinmu tana gane cewa wannan tsokar ba tamu ba ce, sai ta far mata kamar yadda take far wa ƙwayar cuta. Shi ya sa ake ba da magungunan da ke danne garkuwar. Kuma jiki ba ya mantawa. Ko ƙodar ta shekara 20 a cikinsa, ranar da aka daina shan magani, ranar zai fara yaƙarta.

Yawanci magani uku ake haɗawa: takrolimus, wanda za ka gani a kwali da sunan Prograf ko Advagraf, maikofenolet, wato CellCept ko Myfortic, sai firednisolon. Wasu ana ba su saikulosporin a madadin takrolimus. A nan gida ma an daɗe ana aiki da su, domin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002.

Takrolimus shi ne mai wuyar sha'ani. Idan ya yi ƙaranci a jini, jiki ya ƙi ƙodar. Idan ya yi yawa, shi da kansa yake lahanta ƙodar da aka kawo shi ya tsare, ga rawar hannu, ga ciwon kai, ga hawan jini. Tsakanin kaɗan da yawa kuwa tazarar ba ta da faɗi. Dalilin ke nan da ake cewa mai shan Prograf ya sha shi duk bayan awa 12 cif. Idan ka zaɓi ƙarfe 8 na safe, to ƙarfe 8 na dare, yau da gobe da jibi. Sa ƙararrawa a wayarka. Kada ka ɗaura shi da lokacin sallah kaɗai, saboda lokutan sallah suna matsawa a cikin shekara. Abinci ma yana rage yadda hanji ke tsotsar maganin, musamman mai maiƙo, don haka ake son a sha awa 1 kafin cin abinci ko awa 2 bayansa. Duk tsarin da likitanka ya ɗora ka a kai, ka tsaya a kansa kullum.

Ga kuskuren da ake yawan yi ranar zuwa asibiti. Mutum ya tashi, ya sha maganinsa na safe, sannan ya je a ɗebi jininsa. Awon ya ɓaci. Likita yana son ya ga mafi ƙarancin abin da ya rage a jini ne, wato ga mai shan Prograf, awa 12 bayan na daren jiya. Saboda haka ka sa maganin a aljihu, a ɗebi jini tukuna, sannan ka sha. In ba haka ba, sakamakon zai nuna maganin ya yi yawa, a rage maka, alhali ba ka da rarar da za a rage.

Wani abu kuma da ya shafe mu kai tsaye: yawancin 'yan Afirka jikinsu yana saurin narkar da takrolimus fiye da na Turawa, gado ne a cikin halitta. To idan ka ga ana ba ka ƙwayoyi fiye da wani da kuka haɗu a Indiya ko Masar wajen dashe, ba wai ciwonka ya fi nasa ba ne. Kada ka kwaikwayi adadin kowa, kada kuma ka ari na kowa. Ko sauya kamfani ma, ko komawa daga Prograf da ake sha sau 2 a rana zuwa Advagraf da ake sha sau 1 a rana, sai da sanin likita da sabon awon jini.

Ka manta ba ka sha ba? Idan ka tuna cikin 'yan awanni, sha. Idan lokacin na gaba ya kusa, bar wancan ya wuce. Ba a haɗa biyu a lokaci ɗaya.

Yanzu mu zo kan kemis da masu maganin gargajiya, domin a nan ake asarar ƙoda da yawa. Ciwon baya ya taso, a aiki yaro ya sayo ibufurofen ko daikulofenak. Waɗannan suna rage jinin da ke shiga ƙoda, kai kuma ƙoda ɗaya tak ke maka aiki. Farasitamol ya fi aminci. Eritromaisin, kilaritromaisin da fulukonazol suna sa takrolimus ya taru a jini. Rifampisin na tarin fuka kuma akasin haka yake yi, yana kwashe shi har ya zama kamar ba ka sha ba, kuma tarin fuka ba baƙo ba ne ga masu dashe a ƙasarmu. Duk likitan da zai rubuta maka magani, ko na haƙori ne, fara gaya masa an yi maka dashe. Garehul, wannan babban lemon mai ɗaci-ɗaci, a bar shi da ruwansa gaba ɗaya. Jiƙo, tsimi, maganin basir, maganin ƙarfin maza, duk wanda ba a san abin da ke cikinsa ba, a haƙura. Na san da wuya ka ce wa Hajiya ko Baba a'a idan sun kawo maka da kyakkyawar niyya. Ka karɓa, ka yi godiya, ka ajiye.

Tunda an danne garkuwa, ƙaramar cuta tana iya zama babba cikin dare ɗaya. Zazzaɓin da ya kai 38 a ma'aunin zafi ba na "bari mu gani zuwa gobe" ba ne, kuma kada ka yanke wa kanka hukuncin cewa maleriya ce. Haka raguwar fitsari, kumburin ƙafa, ko zafi a wurin da aka dasa ƙodar. Gudawa tana da nata abin mamaki: mutum zai ɗauka maganin fita yake yi, amma gudawa mai tsanani ƙara yawan takrolimus take yi a jini, ga kuma bushewar jiki. Idan amai ya hana magani zama a ciki, asibiti za a nufa. Ruwan sha a tafasa, nonon da ba a dafa ba a ƙyale shi, tsire ya gasu har ciki, a kwana cikin gidan sauro.

'Yan'uwa mata, maikofenolet yana jawo ɓari da nakasar jariri a ciki. Ana iya haihuwa lafiya bayan dashe, amma shiri ake yi: likita ya sauya maki zuwa wani maganin danne garkuwa, azatayofirin, aƙalla mako 6 kafin ɗaukar ciki. Idan kuma kin ga kin yi ɓatan wata, kira likita a ranar, kada ki tsayar da maganin da kanki.

Mai niyyar Hajji ko Umara, allurar shawara ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana, ba a yi wa mai dashe. Likita zai ba ka takardar uzuri. Ta sanƙarau ba ta da wannan matsalar. Azumi kuwa, a shekarar farko yawancin likitoci hanawa suke yi. Bayan nan, idan ƙodar ta zauna daram, ana iya tsara shan magani a sahur da buɗa-baki, amma a je asibiti a tsara kafin watan ya kama.

Saura maganar kuɗi. Magungunan nan suna da tsada, kuma na har abada ne. Mutum ya ji garau, ya koma kasuwa, aljihu ya yi ƙasa, sai ya fara shan ɗaya maimakon biyu don kwalin ya kai ƙarshen wata. Matsalar ita ce jiki yana iya cin ƙodar a hankali ba tare da ka ji komai ba, sai awon kiriyatinin, wato awon jinin da ke nuna aikin ƙoda, shi ne zai tona, wani lokaci bayan aikin gama ya gama, a koma kan injin wankin ƙoda. Idan ka hango maganinka zai yanke, faɗa wa likitanka tun da sauran na mako 2 a hannu. Shi zai san ko akwai mai rahusa da za a mayar da kai kansa, tare da awon jini.