Yadda ake sa ƙaramin layin dogo ya yi kama da na gaske

Masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. Ku dubi waɗannan ƙananan tashoshin jirgin ƙasa na kwaikwayo guda biyu. Kamfani ɗaya ne ya yi su, girmansu ɗaya. Ta hagu sabuwa ce fil, tana ta sheƙin roba. Ta dama kuwa an dusashe launinta, an sa mata tsatsa a rufi da ƙura a gindin bango. Ita ce idonku ya fi yarda da ita, domin ba mu saba ganin gini a bakin layin dogo babu datti ba.

Kafin a kai ga fenti, sai an daidaita ma'auni. Wanda aka fi amfani da shi a duniya shi ne HO, inda ake rage komai sau 87, kuma tazarar ƙarafunan layinsa milimita 16.5 ce. A wannan ma'auni ƙofa mai tsayin mita 2 ba ta wuce milimita 23 ba, mutum kuma kusan milimita 20. Ku ajiye ɗan mutum-mutumi ɗaya a kan teburin aiki, duk abin da kuka gina ku tsayar da shi kusa da shi. Nan take za ku gane idan taga ta yi girma.

Fili kuwa ba ya taɓa isa. Kilomita ɗaya a HO tana cin kusan mita 11 da rabi, ɗaki nawa ne ke da wannan tsawon? Ko Miniatur Wunderland, babban wurin baje kolin ƙananan layukan dogo da ke Hambug a Jamus, wanda aka buɗe a 2001, sai da ya matse garuruwansa. Shi ya sa magina ke rage tsawon masana'anta su bar siffarta, sannan su jera gidajen ma'aunin N, wanda ake ragewa sau 160, can baya kusa da bango. Ido sai ya ɗauka nisa ne ya ƙanƙantar da su.

Tuddai ba su da wuya. Ku jera soso mai tauri hawa-hawa, ku sassaƙa da wuƙa, ku lulluɓe da ƙyallen filasta. Ku fara shafa fenti ruwan ƙasa kafin ciyawa, don kada fari ya leƙo. Ciyawar ma a gauraya ta, kore da ruwan ɗorawa da busasshiya.

Tsakuwar layi ita ce ke son haƙuri. A zuba ta a bushe, a baje da buroshi mai laushi har sai katakon layin ya fito sarai. Sai a fesa ruwa mai ɗigon sabulu, daga nan a ɗiga farin gam da aka sirka da ruwa rabi da rabi. Sabulun ne ke sa gam ya ratsa. Idan babu shi, tsakuwar za ta dunƙule ta taso. A kiyaye wurin da layi ke rabuwa biyu, gam na shiga nan ya ƙame.

Yanzu ga sashen da na fi ƙauna, tsufar da gini. Ku tsinka baƙin fenti ya zama kamar ruwan shayi, ku shafe bangon da shi. Zai gangara cikin layukan bulo ya fito da su. Idan ya bushe, ku ɗauki buroshi mai ɗan fenti mai haske, ku goge shi a takarda har ya kusa ƙarewa, ku bi gefuna a hankali. Tsatsa kuma garin alli mai launi ne ke yin ta, amma ku tambayi kanku ta ina ruwan sama ke bi. Daga ƙusa yake gangarowa, daga ƙarƙashin taga, daga bakin indararo, kuma kullum ƙasa yake yi. Hayaƙi yana baƙanta saman bakin rami inda jirgi ke wucewa. Ku nemi hoton gini na gaske ku ajiye a gabanku, domin abin da mutum ke tunawa ya fi na zahiri tsabta. Ku sa kaɗan, ku ja da baya ku duba, ƙari ya fi ragi sauƙi.

Idan za ku sa fitilar LED a ciki, ku fara shafe bangon ciki da baƙin fenti, in ba haka ba ginin gaba ɗaya zai riƙa haske ta jikin roba. Ku toshe wasu tagogin da kwali, ɗaki biyu ko uku masu wuta sun isa gida ɗaya.