Lambar Da Ke Kan Taswira Ba Ita Ce Zurfin Da Za Ka Tarar Ba

Jama'a, abubuwa uku za mu duba a kan cikar teku da janyewarsa, da zurfin ruwan da jirgin ruwa zai tarar. Na farko, wata ne ke jan ruwan teku, rana tana taya shi. A yawancin gaɓar teku ruwa kan cika sau biyu a kwana, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25. Shi ya sa cikar gobe takan makara da kusan minti 50. Idan wata ya tsaya, ko daren sha huɗu, cikar takan yi ƙarfi. Wajen bakwai ga wata sai ta lafa. A Legas bambancin da ke tsakanin cika da janyewa kusan mita 1 ne, a mashigin Fundi na Kanada yakan kai mita 16.

To, ku kasa kunne nan. Zurfin da ke kan taswira an auna shi ne daga mafi ƙarancin ruwa, sai ka ƙara masa tsayin ruwan wannan lokacin. Kuma ruwa ba ya hawa daidai-wa-daida. A raba bambancin gida 12: awa ta farko kashi 1, ta biyu 2, sai 3, sai 3, sai 2, sai 1. Ku maimaita, har na baya masu gyangyaɗi!

A ce taswira ta nuna mita 6, gindin jirginka ya shiga ruwa mita 7. Jadawalin cikar teku ya ce janyewa mita 0.5, cika 2.9. Bambanci 2.4, kashi ɗaya santimita 20 ke nan. Awa biyu bayan janyewa ruwa ya ƙaru da santimita 60, a haɗa da 6 da 0.5, zurfi 7.1. Santimita 10 kacal a ƙarƙashinka. Ka shiga? Kada ka kuskura. Jirgi in yana gudu a ruwa maras zurfi ƙara nutsewa yake yi, sai ka ji ya kafe. Jira awa ɗaya, ka sami 7.7. Awa ɗaya fa!

Na uku, jadawali hasashe ne, iska takan saɓa masa. Na'urar auna zurfi da sauti kuma, ka san daga gindin jirgi take ƙirgawa ko daga saman ruwa.

Na'am, Malam? Ko haka abin yake a Kogin Neja? A'a, a Lokoja ba wata ke hukunci ba, damina ce da sakin ruwan madatsun Kainji da Jeba da Lagdo ta Kamaru. Can sandar awo ake karantawa kullum, kuma yashi yana ƙaura, don haka taswirar bara sai an sake aunawa.