Ɗan Kifin da Aka Gina wa Ɗaki a Jamus

Assalamu alaikum, jama'ar Gombe da sauran masu kallona. Ina magana da ku daga garin Tubingen na ƙasar Jamus, kuma ɗakin da kuke gani shi ne kaɗai inda nake cire rigar sanyi a wannan hunturu, domin ana riƙe ɗumin ruwan akwatunan kifin nan a maki 28 na ma'aunin Celsius dare da rana saboda wannan ɗan kifi mai zane-zane.

Masana suna kiransa Danio rerio, kuma dangin kifin nan ne da Turawa ke kira "carp". Asalinsa daga rafuka da gonakin shinkafa na Indiya da Bangaladash yake, kuma tsawonsa da ƙyar yake kai santimita 4. Ranar da na fara ganinsa, sai na tuna ƙananan kifayen da muke kamawa da gwangwani a gefen madatsar ruwa ta Dadin Kowa muna yara, waɗanda masunta ba sa ko ɗaga kai su dube su.

Ku dubi wannan faranti da kyau. Ƙwai ne da na kwasa jiya da safe, domin macen tana sakinsu da zarar an kunna fitila, wani lokaci har 200. Ƙwan garau yake kamar gilashi, saboda haka idan na sa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ina ganin zuciya ta fara bugawa bayan kwana ɗaya kacal, kuma cikin kwana uku ya ƙyanƙyashe. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan aka yanke wani yanki na zuciyar babbansa, cikin kamar wata biyu takan tsiro ta cike gurbin, alhali zuciyar mutum tabo take yi. Tun da aka wallafa taswirar ƙwayoyin gadonsa a 2013, an tabbatar da cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na namu suna da takwara a jikinsa, shi ya sa ake gwada magunguna a kansa.

Da na nuna wa Inna shi ta waya, tambayarta ɗaya ce: ko ana cinsa. Na ce mata ko an tara guda hamsin ba za su ba miyar kuka ɗanɗano ba. Yanzu lokacin abincinsu ya yi, bari in matso da kyamarar ku ga yadda suke taruwa.